Jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi: zai ɗauki fasinja ya ƙetare iyaka, kuma zai ɗore?

Hajiya Binta, Fagge, Kano:

Assalamu alaikum. Tambayata tana zuwa ga waɗanda suka san harkar sufuri, musamman waɗanda suka yi aikin jirgin ƙasa ko suke yawan bin hanyar Maraɗi. Mahaifiyata haifaffiyar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Kano fiye da shekara arba'in da suka wuce, kuma duk sa'ad da aka yi biki ko rasuwa a dangi ni nake raka ta. A tafiyarmu ta ƙarshe mun bar gida bayan sallar asuba, muka zauna a tasha har hantsi kafin mota ta cika, muka sauya mota a Katsina, muka sake sauyawa a bakin iyaka, ba mu shiga gidan kawuna ba sai da aka kira la'asar. Tsohuwa tana fama da ciwon gwiwa, don haka kuɗin kujera biyu na biya mata domin ta miƙe ƙafa, amma duk da haka sai da aka tallafe ta kafin ta iya sauka. Shingayen da muka tsaya a kansu kuwa na daina ƙirgawa tun kafin mu isa Jibiya.

Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021 take tambayata ko za ta ga ranar da za ta hau jirgi ta sauka a garinsu. Abin da nake son sani shi ne, idan an kammala aikin, da gaske za a riƙa ɗaukar fasinja ana ƙetare iyaka da su, ko kuwa layin na kaya ne kawai? Idan an fara, zai ɗore? Sannan idan aka gina tashar a bayan gari, yaya mai tsohuwa da kaya irina za ta isa can, alhali abin hawan da muke da shi a cikin Kano bai wuce a daidaita sahu ba?

Baba Garba, tsohon ma'aikacin reluwe, Zariya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba mahaifiyarki lafiya, ya saka miki da alherin ɗawainiyar da kike yi da ita. Na shafe shekarun ƙuruciyata ina aiki tsakanin Zariya da Kano da Ƙaura Namoda, don haka zan faɗi abin da na gani.

Da farko ya kamata a san cewa jirgin fasinja bai taɓa ƙetare iyakar Najeriya da Nijar ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929, wanda ya tashi daga Kano kuma ya tsaya a Nguru a 1930. Duka biyun sun doshi arewa, suka tsaya kafin iyaka, domin Turawan Ingila gyaɗa da auduga da fatu suke son kwasowa zuwa teku, ba su da sha'awar haɗa ƙasar da suke mulka da wadda Faransa take mulka. Sai dai mutane sun haɗa abin da layi bai haɗa ba. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram a mota ake kawo ta Kano a loda ta a taragu zuwa Legas, har Faransawa suka ƙirƙiro wani tsari a shekarun 1950 na karkatar da ita ta Faraku zuwa Kwatano, a ƙasar Benin ta yau. Saboda haka abin da ake son farfaɗowa tsohuwar hanyar ciniki ce wadda ta girmi jirgin kansa.

Game da ɗorewa kuwa, gaskiyar da duk ma'aikacin reluwe ya sani ita ce kuɗin tikitin fasinja ba ya riƙe layin dogo. Kaya ne suke riƙe shi. A zamaninmu taragun gyaɗa da shanu da man fetur da siminti su ne suke biyan albashi da gyaran hanya, jirgin fasinja yana cin albarkacinsu. Ranar da tireloli suka kwashe kayan, ranar layin ya fara mutuwa, domin kuɗin sauya katakon da ƙarfen yake kwance a kai da gyaran gadoji da sigina sun yanke, jirgi ya koma tafiya a hankali don gudun kaucewa, fasinja kuma ya ga mota ta fi sauri ya bar mu. Na ga lokacin da ciyawa ta rufe layi a wurin da a da muke wucewa kullum, kuma ban taɓa mantawa da ɓacin ran da na ji ba.

Inda aka taɓa samun jirgin fasinja mai ƙetare iyaka a Afirka ta Yamma ma haka labarin yake. Jirgin Dakar zuwa Bamako ya yi suna shekaru da yawa, amma lalacewar hanya ta kai ga dakatar da ɗaukar fasinja tsakanin ƙasashen biyu a 2009. Na Abijan zuwa Wagadugu, wanda layinsa ya isa Wagadugu tun 1954, an tsayar da fasinjansa a 2020 lokacin annobar korona, jiragen kaya suka ci gaba da tafiyarsu. Wannan yana nuna miki wanda ake fara sadaukarwa idan abu ya yi tsanani.

To, layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 yana da kayan da za su riƙe shi? A ganina yana da su, amma da sharaɗi. Sabon layin faɗinsa milimita 1,435 ne, tsohon da muka yi aiki a kansa kuwa 1,067 ne, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyun. Ma'ana, sai an kammala sabon layin Kaduna zuwa Kano, an kuma haɗa Abuja da Ibadan da irinsa, kafin kwantena ta tashi daga tashar jiragen ruwa ta Legas ta isa Maraɗi ba tare da an sauke ta an sake lodawa ba. Idan wannan ya tabbata, jirgin fasinja ɗaya ko biyu a rana ba zai gagara ba. Idan bai tabbata ba, fasinja zai dogara ne kacokan ga kasafin gwamnati, kuma kasafi yana canzawa da canjin masu mulki.

Alhaji Lawali, Maraɗi:

Na gaida Baba Garba, bayaninsa ya gamsar. Hajiya, ki miƙa gaisuwata ga Inna, ki ce 'yan garinsu suna yi mata fatan sauƙi. Ni ɗan kasuwa ne, ina kai wake da albasa da dabbobi, ina sayo kaya a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, don haka hanyar nan na san ta kamar tsakar gidana.

Batun ko akwai fasinja, wannan ba abin shakka ba ne. Maraɗi Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau sarautarmu Sarkin Katsina ake kiranta, kuma da wuya ka sami gida a garin nan da ba shi da ɗan'uwa a Katsina ko Jibiya ko Daura ko Kano. Ga almajirai, ga masu zuwa asibiti, ga 'yan ci-rani, ga mata masu ƙananan saye da sayarwa. Mutane suna nan, abin da nake tsoro shi ne iyakar kanta.

A cikin 'yan shekarun nan sau biyu aka rufe ta na tsawon watanni. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris ɗin 2024. A lokutan biyun mai mota da mai babur sun sami hanyoyin daji suna lallaɓawa, da tsada da haɗari, amma jirgi ba shi da hanyar daji. Ranar da aka ce an rufe, tsayawa zai yi cak, ma'aikata suna jiran albashi, bashin da aka ciwo yana ƙara ruwa. Ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, alhali yarjejeniyar ƙungiyar ta 1979 ce ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba. Ya zuwa yanzu ana wucewa, amma jirgi yana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu wadda saɓanin siyasa ba zai taɓa ta ba. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, kuma a ganina aikinta ke nan.

Abu na biyu shi ne yadda za a yi bincike. Idan jirgi ya iso Jibiya aka ce kowa ya sauka da kayansa ya yi layi a gaban kwastan da jami'an shige da fice, aka sake yin haka a Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, a gaban duwan, wato kwastan ɗinmu, da jandarma, to fasinja ɗari biyar za su cinye awa uku a tsaye, kuma duk saurin da jirgin ya yi ya tashi a banza. A layin da ya haɗa Tanzaniya da Zambiya jami'ai ne suke shiga cikin taragu su buga hatimi mutum yana zaune a kujerarsa. Ko a nan kusa, a Seme, an buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Benin a 2018, jami'an ƙasashen biyu a harabar guda. Ɗaya daga cikin waɗannan ya kamata a ɗauka tun kafin a sayo taragu. Haka nan a fayyace kayan da fasinja zai riƙe ba tare da haraji ba, domin matar da ta sayo turmin atamfa biyar da kwanuka na auren 'yarta ba mai fasa-ƙwauri ba ce.

Sai batun kuɗi. Mu sefa muke riƙewa, ku naira, kuma canjin yana iya motsawa tsakanin safe da yamma. Dole a yarda a sayi tikiti da kowanne daga cikinsu.

Mu a Nijar mun taɓa ganin layin dogo da bai ɗauki kowa ba. An shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, kimanin kilomita 140, aka yi biki, amma bai haɗu da layin Benin da ya tsaya a Faraku ba, don haka ya zama guntu marar mafari, yana nan kwance rana tana dukansa. Shi ya sa idan ana maganar jirgi a majalisarmu, dattawa sukan ce sai sun ji ƙahonsa a Maraɗi da kunnensu.

Aminu, mai nazarin tsara birane, Kaduna:

Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Zan ɗauki tambaya ta ƙarshe da Hajiya ta yi, ta yadda za a isa tasha, domin ita ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce take yanke wa talaka hukuncin hawa jirgi ko barinsa.

Mu a Kaduna mun ga abin da idonmu tun da aka buɗe layin Abuja a Yulin 2016. Tafiyar kilomita 186 ce, a cikin sanyi da natsuwa, awa biyu da 'yan kai. Amma tashar tana Rigasa, ta Abuja kuma tana Idu, dukansu nesa da inda yawancin mutane suke zaune ko suke aiki. Wata rana na raka gwaggona za ta ga likita a Abuja. Mun fito daga Kawo da duhun asuba, muka yi shatar keke saboda babu motar haya da take zuwa tashar kai tsaye, da muka sauka a Idu kuma kuɗin da masu tasi suka nema zuwa cikin gari ya kusa kai kuɗin tikitin mutum guda. Da na haɗa lissafi a hanyar dawowa, sai na ga zirga-zirgar da muka yi a ƙarshen biyu ta ci kusan abin da jirgin ya ci, a kuɗi da kuma lokaci. Jirgin cikin gari na Abuja, wanda ya kamata ya kwashi mutane daga Idu, an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai a Mayun 2024. Shekara huɗu ke nan fasinja yana sauka babu abin da zai karɓe shi sai shata.

Kano ta fi Kaduna buƙatar a yi wannan tunanin da wuri. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, nauyin birnin gaba ɗaya ya koma kan a daidaita sahu. Keken yana da amfaninsa, yana shiga lungu, ya kuma ba dubban matasa abin yi, amma mutum uku yake ɗauka a baya, kuma ba a yi shi don tafiya mai nisa da buhuna ba. A yi tunanin jirgi ya sauke mutum ɗari shida lokaci guda da magariba. Keke nawa za a jera kafin a kwashe su, kuma nawa za a ce wa baƙuwar da ba ta san gari ba? An sa hannu kan yarjejeniyar jirgin cikin gari na Kano tun 2016, amma bai kamata a jira shi ba. Abin da ake iya yi da ƙaramin kuɗi shi ne a ware manyan bas masu lokaci tsayayye waɗanda za su tashi daga tashar jirgi zuwa Bata da Kantin Kwari da Ƙofar Ruwa da Unguwa Uku, lokacinsu ya dace da isowar jirgi, kuɗinsu kuma a rubuce a jikin mota, ko ma a haɗa shi cikin tikitin. Daga waɗannan mahaɗu sai keke ya ƙarasa da kowa unguwarsa. A Maraɗi ma haka za a yi da 'yan kabu-kabu da masu keke, a ba su wurin tsayawa da lamba da farashi sananne.

Akwai kuma batun sayen tikiti. An koma sayarwa ta intanet a layin Abuja a 2021, sannan bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki a watan Disamba na shekarar, aka wajabta nuna lambar shaidar ɗan ƙasa. Dalilin a fili yake, kuma ban ga laifinsa ba. Amma idan aka kwafi wannan tsarin yadda yake aka kai layin Maraɗi, ɗan Nijar ba shi da wannan lambar, tsohuwa irin mahaifiyar Hajiya kuma ba ta da wayar da za ta sayi tikiti da ita. Dole a bar taga a buɗe a tasha inda za a karɓi tsabar kuɗi da katin shaidar kowace ƙasa.

Tsaro kuwa ba sai na tsawaita ba. Harin da na ambata ya tsayar da jirgi wata takwas, kuma yankin Jibiya ya sha fama da 'yan bindiga. Ina ganin tafiyar rana kaɗai ta dace a shekarun farko.

Malam Ado, direba, Katsina:

Hajiya, ni direban hanyar nan ne shekara ashirin da biyu, kuma zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa sana'ata daɗi ba. Mai tafiya daga Kano har Maraɗi da tsoho ko mara lafiya ko yara, jirgi ya fi masa, domin akwai wurin miƙe ƙafa da banɗaki, kuma babu mai tsayar da shi a kowane shinge. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, mu kanmu ba ma jin daɗin faɗin farashi ga fasinja, kuma cusa mutum huɗu a baya da muke yi ba mugunta ba ce, idan ba a yi haka ba kuɗin mai da na kamasho da na hanya ba sa fita.

Sai dai kada a ɗauka jirgi zai kwashe kowa. Yawancin waɗanda nake ɗauka ba masu dogon zango ba ne. Wannan zai sauka a ƙauyen da ke bakin titi, wancan yana da awaki biyu da zai kai kasuwa, wata kuma daga Jibiya za ta ƙetara Ɗan Isa ta dawo kafin azahar. Jirgi yana tsayawa ne a tashoshinsa kawai, kuma layin ma ta Dambatta da Kazaure da Daura da Mashi ya bi kafin ya shigo Katsina, ba ta Bichi da Tsanyawa da muke bi ba, don haka mutanen wannan titin suna nan tare da mu. Roƙona ga masu tsara abin shi ne su zauna da ƙungiyar direbobi tun yanzu, a ba mu fili a harabar kowace tasha mu riƙa kawo fasinja daga ƙauyuka muna kwasar waɗanda suka sauka. Idan aka yi haka, ni da nake yin sawu ɗaya zuwa Kano a rana zan iya yin sawu huɗu gajeru, in kwana a gidana. Idan aka katange tashar aka bar mu a waje, za a sami rikici da cunkoso a bakin ƙofa tun ranar farko.

Hajiya Binta, Fagge, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren jiya na karanta wa mahaifiyata amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan maganar Alhaji Lawali ta binciken kaya, sai ta tuna mini da ranar da aka kwance mana ƙullin kayan jere a tsakiyar rana, aka baje su a ƙasa, ita tana zaune a kan dutse saboda ba ta iya tsayuwa. Ta ce in dai za a duba takardarta tana zaune a kujera, ko jirgin sau ɗaya yake tashi a mako za ta jira shi.

Malam Aminu, ina da ƙarin tambaya gare ka. Batun bas da wurin tsayawar keke a tashar Kano, gwamnatin jiha ce take da alhakinsa ko ta tarayya? Muna da ƙungiyar mata 'yan asalin Maraɗi da Tasawa mazauna Fagge da Kurna, muna taro duk ƙarshen wata, kuma ina son mu rubuta takarda mu sa hannu mu kai inda ya dace tun ginin bai ƙare ba.